Wanka Biyu

Lallen bai kama ba.

Mma Kulu ta warware tsumman da aka naɗe hannun 'yarta Barakatu da shi tun jiya da la'asar. Ta ɓamɓare busasshen lallen da farce, ta zuba ruwa ta cuɗa, sannan ta ja hannun zuwa tsakar gida inda rana ta fi haske. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya. Tafin yana nan yadda yake, duhu-duhu, layukan cikinsa baƙi ƙirin kamar an bi su da tawada.

"Ƙila lallen ne ya kwana biyu," in ji Mma Kulu.

"Mma, sabon lalle ne. A gabanki Goggo Lariba ta kwaɓa shi."

"To ƙila kin motsa shi cikin barci."

"Ko juyi ban yi a kansa ba."

Mma Kulu ta saki hannun, ta zauna a kan turmi, ta rafka tagumi.

Wanda bai san Barakatu shekara biyu baya ba, ba zai gane abin da ya sa uwa take neman kuka a kan tafin hannu ba. Ja ce, irin jan da ta gado wajen kakarta. Barakatu uku ne a wannan ɓangaren na Zongon Kumasi, saboda haka ita ake kira Barakatu Ja. In ta zauna a rumfar uwarta tana ware farin goro da ja, direbobin tashar Race Course da ba su taɓa sa goro a baki ba sai ka gan su sun zo suna taya huhu guda, alhali ƙwaya ɗaya za su saya.

A cikinsu Jibirin ne ya yi nasara. Direban lori ne mai kai goro Tamale da Bawku, dogo, marar yawan magana. Maraya ne, ƙanwar mahaifinsa Goggo Lariba ce ta goya shi tun yana rarrafe. An kai goron neman aure a ƙwarya, an karɓa, an sa rana bayan Babbar Sallah.

Sai ciwo ya shigo tsakani, a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Kasala ta fara zuwa, sai zufa, sai rama. Gefen cikinta na hagu ya tashi ya yi tauri. Mutanen Zongo kuwa, Allah ya ba su ido da baki, ba su jira an tambaye su ba suka faɗi sunan abin da ke tayar da cikin budurwa. Jibirin bai saurari kowa ba. Ya sa ta a gaban lorinsa ita da uwarta, ya kai su babban asibiti.

Dokita ya ce ciwon a jini yake, saifarta ce ta kumbura. Ya ba ta wasu fararen ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar masara ba, guda kowace safiya. Cikin wata uku cikin ya saɓe, ta dawo cin tuwo, ta koma rumfa. Amma maganin bai zo shi kaɗai ba. Gaɓoɓin yatsunta suka fara duhu, sannan wuya, sannan gwiwar hannu, har dasashi, daga baya fuskar gaba ɗaya. Wata nas 'yar Asante ta gaya mata cewa haka maganin yake yi wa wasu, ba wani sabon ciwo ba ne.

Mma Kulu ba ta yarda ba. Babu abin da ba ta gwada ba: sabulun alata, lemun tsami, man kaɗe, har dutsen goge ƙafa. Ta dirje yarinyar nan har fatarta ta yi tsami, baƙin ko gezau.

Ita kuwa Goggo Lariba, ita ce alwankar unguwa. Shekara talatin ita ke sa wa amare lalle, ta yi musu wanka, ta fito da su suna ƙyalli. In mace ta rasu ma ita ake tasowa ta wanke gawar, domin ba ta taɓa faɗin abin da ta gani a jikin mamaciya ba. Na amare kuwa tana faɗa, har da ƙari. Jiya ta zo da lallenta ta ɗaura wa Barakatu a hannun hagu, wai gwaji. Ta ce a saninta lalle ba ya ƙin amaryar da gidan miji zai karɓa. Yau da hantsi za ta dawo ganin amsa.

Barakatu ta wanke hannu, ta shanye kokonta, ta shiga ɗaki ta ɗaga matashi.

Babu kwalbar maganin.

Ta kakkaɓe shimfiɗa, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe kwallar kayanta. Sannan ta tsaya cak, domin ta tuna jiya uwarta ta raka Goggo Lariba har zaure, sun daɗe suna ƙus-ƙus.

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mma, ina maganina?"

Mma Kulu ba ta ɗago ba.

"Mma, da ke nake."

"Kwana arba'in ne kawai, Barakatu."

"Kin ba Goggo Lariba?"

Sai hawaye suka ɓalle wa Mma Kulu. Ta jawo gefen mayafi tana sharewa, wasu na zubowa.

"Ya kike so in yi? Ubanki ya rasu ya bar ni da ke. Kin san abin da aka faɗa a kanki lokacin da cikinki ya tashi. Ni na bi gida-gida ina rantsuwa. In auren nan ya lalace yanzu, ba za su ce don baƙi ba ne. Cewa za su yi dama maganar farko gaskiya ce, dangin yaron sun gano. Da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Da idon da kika shiga jiya."

"Kin ji sauƙi, ɗiyata. Kina ci, kina sha, kina tafiya har kasuwar Kejetia da ƙafarki. Wanda ya warke me zai ci gaba da yi da magani? Ki bari launinki ya dawo, a ɗaura, in kin shiga ɗakinki ki sha abinki."

Barakatu ta zo ta durƙusa a gaban uwarta. Tausayinta ya kama ta, haushinta ma ya kama ta, ta rasa wanda ya fi.

"Mma, kina wurin da dokita ya yi magana. Nas ta fassara mana, sau biyu. Ya ce kada in tsallake ko kwana ɗaya sai shi ya ce in tsaya. Ya ce ciwon bai tafi ba, kwanciya ya yi."

"Dokita ba Allah ba ne."

"Goggo Lariba ma ba Allah ba ce."

Mma Kulu ta buɗe baki za ta amsa, sai sallama ta katse ta.

Goggo Lariba ta shigo da takunta na ƙasaita, ta yafa farin mayafi, gefen zaninta a ƙulle da wani abu mai ɗan tudu. Idon Barakatu a kan ƙullin ya fara sauka kafin fuskar mai shi. Daga zaure aka ji gyaran muryar namiji. Jibirin ne ya kawo ta, ya tsaya inda maza ke tsayawa.

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa. Barakatu ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Goggo."

"Lafiya. Miƙo hannun."

Ta miƙa. Goggo Lariba ta riƙe shi da yatsu biyu, ta duba tafin, ta duba farce, ta taɓe baki ta saki.

"Kulu, kin gani da idonki. Ni ba na ƙarya a kan lalle. Shekara talatin ina wannan aikin, daga nan har Manhyia babu gidan da ban fitar da amarya ba, ban taɓa ganin hannun da lalle ya ƙi haka ba kwaraa, ko sau ɗaya."

"Goggon Jibirin, a yi haƙuri," in ji Mma Kulu. "Mun yarda da abin da kika ce jiya."

"Yoo. To ga yadda za a yi. Kwana arba'in babu ƙwayar Bature. Na je wurin Alfa Mahama, malamin nan na Ashanti New Town, ya duba ya ce sammu ne aka yi mata, ƙwayar ce take riƙe da shi a jiki. Zai ba da rubutu, na sha da na wanka. Ranar arba'in in dawo da lallena. In ya kama, alhamdu lillahi, ni da kaina zan goya ta in kai ta ɗaki. In bai kama ba, kowa ya riƙe nasa."

Ta gyara zama.

"Kuma kada ki damu, Kulu, ba za ta rasa miji ba. Alfa ya ce in mu mun janye, shi zai karɓe ta saboda Allah."

Barakatu ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Tun ina Ja yake aiko mini da turare ina mayarwa. Yanzu da na yi baƙi ya koma saboda Allah."

"Barakatu," in ji uwarta, cikin gargaɗi.

"Goggo, don Allah a ba ni kwalbata. Lokacin shan maganina ya wuce."

Goggo Lariba ta dube ta sama da ƙasa.

"Da ni kike?"

"Da ke nake, Goggo. Tana nan ƙulle a zaninki."

"Kulu, haka kika yi mata tarbiyya? Yarinya, bari in gaya miki. Barakatu Ja muka kawo wa goro. Duk Zongo sun san wadda muka nema. Ba zan fito da ke gaban mata ranar buɗar kai su ce Lariba ta tsufa, ta wanke amarya ba ta fita ba. Sunana ba zai ɓaci a kanki ba."

"To sunanki ne abin, ba lallen ba."

Kazar da ke tsattsagar tsakin masara a gindin rijiya ce kaɗai ba ta san ana wani abu ba.

Barakatu ta miƙe. Ta taka har bakin zaure, ta ɗage labulen buhun da ke rataye.

"Jibirin."

Ya miƙe daga kan benci, hularsa a hannu. Daga ganin fuskarsa ya ji komai.

"Da saninka aka ɗauke mini magani?"

"Wallahi ban sani ba sai yanzu."

"Amma ka san da kwana arba'in ɗin."

Ya sunkuyar da kai.

"Goggo ta gaya mini a hanya. Na ce... na ce in kin ji sauƙi, ƙila ba zai yi komai ba. Barakatu, ita ta raine ni. Ban taɓa ce mata a'a ba. Ni ba ruwana da launinki, Allah ya sani. So nake kawai a wuce wurin nan."

Wannan ya fi maganar Goggo yi mata ciwo. Hawayen da ta danne tun safe suka zubo, ba ta share su ba.

"To ka saurara, domin akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da ka kai mu asibiti kana waje kana gadin lori. Na ɓoye maka don ina tsoron ka gudu. Yau na daina tsoro."

"Barakatu, a bar maganar nan," Mma Kulu ta faɗa daga baya.

"A'a, Mma. Jibirin, ciwon nan ba ya warkewa. Maganin danne shi yake yi, ba kashe shi ba. Dokita ya ce zan iya samun shekaru, bai faɗi nawa ba, na tambaye shi ya kawar da kai. Ya ce ƙila ba zan haihu ba. Baƙin nan kuwa, muddin ina sha yana nan, ƙila ma ya ƙaru. Wannan ce matar da kake nema. Barakatu Ja ta tafi, kuma ba ni na kore ta ba."

Jibirin ya jingina da bango. Hular ta faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Don ina son ka. Yanzu ma don ina son ka na faɗa. In za ka tafi, ka tafi da saninka, kada a ce lalle ne ya raba mu."

"Ka ji ko?" Goggo Lariba ta ɗaga murya daga kan tabarma. "Ka ji da kunnenka, ɗana. Ba haihuwa, ba lafiya, ga baki. Allah ya tona asiri tun kafin a ɗaura. Amma ni mai tausayi ce. Har yanzu ina kan maganata, ta yi kwana arba'in ɗin, Alfa ya yi aikinsa, mu gani."

Barakatu ta saki labulen ta juyo. Ta dawo ta durƙusa a gaban tsohuwar, daf da ita, har gwiwarta na taɓa tabarma. Muryarta ta yi ƙasa, amma babu wanda bai ji ba, har na zaure.

"Goggo, wanka biyu kike yi a Zongon nan."

Goggo Lariba ta tsaya.

"Kina wanke amarya, kina wanke gawa. In na ci gaba da shan maganin nan, za ki wanke baƙar amarya, mata su yi dariya kwana biyu su manta. In na bari, cikina zai sake tashi. Ƙila in yi ja kamar da, ban sani ba. Amma ba da lalle za ki dawo gidan nan ba, da likkafani za ki dawo. Wanne kike so ki yi mini?"

"A'uzu billahi," in ji Mma Kulu, ta toshe baki da mayafi.

"Ki zaɓa, Goggo. Kwalbar tana hannunki."

Matar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba tun daga gidan biki har gidan makoki, yau ta nemi abin faɗa ta rasa. Hannunta ya kai kan ƙullin zanin ya damƙe shi. Da a ce su biyu ne a ɗaki, ƙila da ta kwance. Amma ga Kulu na kallo, ga mata biyu masu haya a gidan sun leƙo ta taga, kuma gobe duk kasuwa za ta ji cewa 'yar mai goro ta sa alwanka ta yi shiru.

"Ni kike yi wa fatan wankan gawa a hannuna?" ta ce a ƙarshe. "Kulu, ɗauko mini ƙwaryar goronmu."

"Goggon Jibirin, don girman Allah..."

"Ɗauko."

Sai aka ji labulen buhu ya motsa.

Jibirin ya shigo tsakar gida. Tun da yake neman Barakatu bai taɓa wuce zauren nan ba, kuma bai kamata ya wuce ba. Matan haya suka ja mayafi suna ƙara leƙowa. Ya tako a hankali, ya zube gwiwa biyu a gaban goggonsa, ya miƙa hannu biyu kamar mai roƙon addu'a.

"Goggo, ki ba ni kwalbar."

"Fita. Nan ba wurinka ba ne."

"Zan fita. Ki ba ni kwalbar tukuna."

"Jibirin, ni na tauna na ba ka a baki. Ni na kwana da kai a baya lokacin ƙyanda. Yau a kan wannan za ka tsaya mini?"

Hawaye na bin kuncinsa, hannuwansa na nan a miƙe.

"Ban manta ba, kuma ba zan manta ba har in mutu. Lokacin ƙyandar da jikina ya ɓaci, ba ki ajiye ni ba, Goggo. A wurinki na koya."

Mma Kulu ta fito daga ɗaki da ƙwaryar, an lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar ranar da aka kawo ta. Ta ajiye a gefen tabarma tana shessheƙa.

Goggo Lariba ta kwance ƙullin zaninta. Ba ta sa kwalbar a hannun Jibirin ba. Ta dire ta a ƙasa kusa da ƙwaryar, ta ja da baya.

"Ga su nan. In ka ɗauki ƙwaryar, ka biyo ni mu tafi gida, ni uwarka ce. In ka ɗauki waccan, ka nemi wata uwar, ita ma ta nemi wata alwankar."

Barakatu ba ta dube shi ba. Ta zuba wa baƙin tafin hannunta ido. Ta riga ta yanke a ranta cewa ko wanne ya ɗauka, ita kwalbar za ta ɗauka, ko da da haƙori ne.

Ta ji ya miƙe. Ta ji takunsa ya yi nesa da ita, zuciyarta ta faɗi. Sai ta ji ƙarar murfin randa, da moɗa tana shiga ruwa.

Ya dawo ya tsuguna. Ya ɗauki kwalbar, ya buɗe, ya karkata ta a kan tafinta. Farar ƙwaya guda ta gangaro ta tsaya a tsakiyar baƙin layukan nan.

"Sha," ya ce. "Kin makara yau."

Ta yi bismillah, ta jefa a baki, ta karɓi moɗar ta kora. Ta sha ruwan duka, a hankali, idonta a kan Goggo Lariba.

Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar goron da kanta, ta ɗora a kafaɗa, ta gyara mayafi. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Mma Kulu ta bi ta tana ba da haƙuri, ita ko waiwaye. Har ta kai bakin zaure, ta ɗaga labule.

"Goggo."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

Barakatu ta goge bakinta da bayan hannu, ta miƙe tsaye, kwalbar a damƙe a ƙirjinta.

"Na gode da kika mayar mini da abina. Amma ki ji wannan, Mma ma ta ji, Jibirin ma shaida ne. In kin ƙi yi mini wankan farko, ranar na biyun kada a kira ki."

Labulen ya daɗe a ɗage a hannun Goggo Lariba kafin ta sake shi.